Waƙa dubu a waya, amma guda goma ke ta dawowa: Laifin wa?

Ƙorafi ne da ake ji a bakin direbobi da teloli da ɗalibai da duk mai sauraron waƙa a waya. Mutum ya tara waƙoƙi kusan dubu, ya danna maɓallin nan mai kibiyoyi biyu da suka gitta juna, wanda aka fi sani da Shuffle, domin waya ta cakuɗa masa su. Amma sai waɗanda ya ji jiya su sake dawowa yau, mawaƙi ɗaya ya zo sau uku a jere, wasu waƙoƙin kuwa a yi wata guda ba a ji ɗuriyarsu ba.

Ƙorafi na biyu ɗan'uwan na farko ne. Manhajar tana ɗaukar lokaci kafin ta buɗe, waƙa tana yankewa da zarar hasken waya ya ɗauke, ko ta riƙa tsallake waƙoƙi ba tare da an taɓa ta ba.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su goge manhajar su sauke wata, ko su kai wayar wurin mai gyara a yi mata filashin. Sau da yawa asarar kuɗi da data ce kawai, wani lokaci har da asarar waƙoƙin da aka shekara ana tarawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Matsalar takan fito ne daga wurare uku: yadda lissafin cakuɗawa yake aiki, yadda aka jibge waƙoƙin a waya, da kuma shawarar da kamfanoni ke yankewa ba tare da sun yi wa mai saurare bayani ba. Biyun farko mai waya zai iya shawo kansu da kansa. Na ukun kuwa haƙƙi ne da ya kamata a nema.

Yadda waya ke zaɓen waƙa

Hanya biyu ce manhaja ke bi. Ta farko ita ce canki-canka: duk lokacin da waƙa ta ƙare, sai ta zura hannu a buhu ta zaro wata, ta kunna, ta mayar da ita cikin buhun. Ba ta riƙe abin da ta kunna a baya. A wannan tsari maimaici dole ne. Idan waƙoƙi 1,000 ne a waya, kafin a saurari 38 yiwuwar wata ta maimaitu ta wuce kashi 50 cikin 100. Kimanin sa'a uku ke nan na saurare.

Hanya ta biyu ita ce irin gaurayar karta. Manhaja ta hautsina waƙoƙin gaba ɗaya sau ɗaya, ta jera su, ta bi su daga sama har ƙasa. Babu wadda za ta dawo sai an ƙure jerin. Tsarin lissafin da aka fi amfani da shi a nan ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Wasu masana ƙididdiga biyu 'yan Birtaniya, Ronald Fisher da Frank Yates, suka wallafa shi a 1938 domin aiki da fensir da takarda, sannan Richard Durstenfeld ya daidaita shi ga kwamfuta a 1964.

Wasu manhajojin sukan bambance hanyoyin biyu a fili. A foobar2000, alal misali, Random daban, Shuffle daban, kuma ana iya zaɓar a cakuɗa waƙoƙi ɗaya-ɗaya, ko kundi-kundi, ko folda-folda. Wasu kuwa maɓalli ɗaya suke bayarwa, ba su faɗi wace hanya ce a bayansa ba.

To amma ko da hanya ta biyu ce, akwai tarko. Wanda ke sake danna maɓallin kowace safiya yana sa a sake gauraya kartar daga farko. A ce yana jin waƙa 20 a rana daga cikin 1,000. Bayan kwana 30 ya kunna waƙa sau 600, amma lissafi ya nuna kusan waƙoƙi 545 ba za su taɓa fitowa ba, yayin da kimanin sau 145 maimaici ya saurara. Manhajar ba ta lalace ba. Ba a taɓa barin ta ta ƙarasa zagaye ɗaya ba ne.

Kunne yana son shuka, dace yana yin yafi

Sai batun mawaƙi ɗaya ya zo a jere. Manomin da ke shuka rami-rami yana barin tazara iri ɗaya tsakanin kowane rami. Wanda ya yafa iri da hannu kuwa, wani wuri ya cunkushe, wani wuri ya zama fili. Cakuɗawa ta gaskiya yafi ce. Kunnen ɗan Adam kuma shuka yake tsammani, shi ya sa in ya ji cunkoso sai ya ɗauka akwai maguɗi.

A ɗauki waƙoƙi 100 na mawaƙa goma, kowa da goma. In aka gauraya su tsakani da Allah, a matsakaicin lissafi sau tara za a samu mawaƙi ɗaya ya biyo bayan kansa kafin jerin ya ƙare. Wanda kuma ya tara waƙoƙin Mamman Shata 100 a cikin waƙoƙi 500, to ɗaya cikin biyar na abin da zai ji Shata ne. Wayar ba ta fi son Shata ba, mai ita ne ya fi tara shi.

Manyan kamfanoni sun sha wannan zargi tun da daɗewa. Wani ɗan jaridar mujallar Newsweek ta Amurka, Steven Levy, ya lura na'urarsa ta iPod tana yawan kunna masa ƙungiyar mawaƙa ta Steely Dan, har ya kai maganar ga kamfanin Apple, injiniyoyinsa suka tabbatar masa babu son kai a lissafin. Duk da haka ƙorafi bai tsaya ba. A watan Satumban 2005, watanni kaɗan bayan fitowar iPod shuffle, Apple ya ƙara wani saiti a manhajar iTunes 5 mai suna Smart Shuffle, wanda ke rage haɗuwar waƙoƙin mawaƙi ɗaya. Steve Jobs da kansa ya bayyana cewa sun rage dacen ne domin mutane su ji kamar dacen ya ƙaru.

Spotify ma haka ya yi. A 2014 wani injiniyansa, Lukáš Poláček, ya yi bayanin cewa da farko tsarin Fisher da Yates suke amfani da shi, amma masu saurare suka dage cewa ba ya cakuɗawa. Sai kamfanin ya koma wani tsari da ke baza waƙoƙin kowane mawaƙi a tsawon jerin da tazara kusan iri ɗaya.

Darasin a nan shi ne, abin da ake kira cakuɗawa a manhajojin yau ba lallai ne ya zama dace tsantsa ba. Akwai hannun ɗan Adam a ciki. Inda hannu ya shiga kuwa, tambaya ta halatta.

Inda laifin na gaske yake

Ba duk ƙorafi ne ruɗin kunne ba. Akwai lokutan da wani abu ya karkace da gaske.

Na farko, kwafi biyu ko uku na waƙa ɗaya. An turo ta ta Xender, an sake turo ta a WhatsApp, an kuma sauke ta daga intanet, ga wata a cikin waɗanda mai tura waƙoƙi a kasuwa ya zuba a memori. A wurin manhaja waƙoƙi huɗu ne daban, don haka damar fitowarta ta ninka sau huɗu.

Na biyu, bayanan da ke cikin fayil. Fayil na MP3 yakan zo da wani ɗan tambari da ake kira ID3, wanda aka ƙirƙiro a 1996, inda ake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da na kundi. Da shi manhaja ke gane wa ya yi waƙa, ba da sunan fayil ba. Waƙoƙin Hausa da yawa da ke yawo a wayoyi babu komai a wannan gurbi, ko kuma adireshin shafin da aka sauke su ne a madadin sunan mawaƙi. Manhajar da ke ƙoƙarin raba mawaƙa ba za ta iya ba idan rabin waƙoƙin sunan shafi ɗaya suke ɗauke da shi. Haka kuma idan an rubuta Dan Maraya a wata waƙa, Ɗan Maraya Jos a wata, Danmaraya a wata, mutum uku take gani.

Na uku, ƙananan na'urori irin rediyon mota da sifika mai cin memori. Kwamfuta ba ta iya canki-canka da kanta. Wani lissafi take bi da ke farawa daga wata lamba ta tushe. Idan na'ura tana farawa da lamba ɗaya duk lokacin da aka kunna ta, to jeri ɗaya za ta riƙa bayarwa kullum. Direban da ya haddace wace waƙa ke bin wace a motarsa ba mafarki yake yi ba. Ƙara waƙa ko rage wata a memorin yakan sauya jerin, amma gyara na dindindin sai daga wanda ya ƙera na'urar.

Na huɗu, maɓallin maimaitawa da ke maƙwabtaka da na cakuɗawa. In yatsa ya taɓa shi har lamba 1 ta fito a jikinsa, waƙa ɗaya za ta yi ta zagayowa. Haka nan idan mutum yana cikin ƙaramin jeri, kamar na waƙoƙin da ya saurara kwanan nan, iya su kaɗai za a cakuɗa.

Akwai kuma abin da bai kamata a cakuɗa ba sam. A waya ɗaya ake ajiye waƙa da karatun Alƙur'ani da tafsiri da darussan makaranta. Manhaja ba ta san bambanci ba, duk sauti ne a wurinta. Shi ya sa ake jin sura ta biyo bayan waƙar biki, ko darasi na 12 ya riga na 3. Maganinsa shi ne kowanne da foldarsa, a riƙa cakuɗawa daga cikin foldar waƙoƙi kawai. Abin da ke da jeri kuma a sa masa lamba mai sifili a gaba, 001 har zuwa 114 ga surori, domin na'urori da yawa suna jera 10 da 11 kafin 2.

Me ke sa manhaja nauyi?

Kafin manhaja ta nuna waƙoƙi, sai an bi ma'ajiyar waya fayil bayan fayil an karanta tambarin kowanne, an ciro hoton da ke jikinsa, an rubuta su a rajista. A waya mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 2, wadda ga Facebook da WhatsApp da TikTok a buɗe, wannan aiki ne babba. In ma'ajiyar ta cika maƙil, abin ya ƙara tsananta, domin waya tana buƙatar fili ta yi juyi.

Sai katin memori, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Akwai na jabu da aka rubuta wa gigabait 64 ko 128, alhali abin da ke ciki bai kai haka ba. Wayar za ta nuna girman da aka rubuta, ta karɓi duk abin da aka zuba, amma abin da ya wuce ainihin girman sai ya lalace. Alamarsa ita ce waƙoƙin da aka fara zubawa suna yi, na baya-bayan nan suna ƙin buɗewa, ko akasin haka, manhaja ta riƙa tsallake su. Araha ba ta ado. Ana iya gwada kati a kwamfuta da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika shi ta sake karantawa. Wajen saye kuma a duba alamar lamba 10 a cikin da'ira, wadda ke nufin aƙalla megabait 10 a daƙiƙa, ko alamar A1.

Yankewar waƙa idan hasken waya ya ɗauke yawanci aikin mai tsimin batir ne. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, waya tana kwantar da manhajojin da ke aiki a bayan fage, kuma kamfanonin waya da dama sun ƙara nasu tsaurin a kai. In manhajar waƙa ta faɗa cikin waɗanda ake kwantarwa, sai ta mutu a aljihu. Wani lokaci da ta farfaɗo sai ta manta inda ta tsaya, ta sake sabuwar cakuɗawa. A nan ne matsalolin biyu ke haɗuwa: batir ya kashe manhaja, manhaja ta koma farko, mai waya ya ce ana maimaita masa waƙa.

Wanda ya sayi sabuwar waya ya ga manhaja ba ta ganin waƙa ko ɗaya, ya duba izini. Daga Android 13 na 2022, izinin sauti daban yake da na hotuna da bidiyo.

Ga masu saurare kai-tsaye ta intanet, nauyin yakan zo daga sabis. Matakin sauti na kilobit 320 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 144 a sa'a, na 96 kuma kimanin 43. A iyafis na kasuwa ko sifikar waya, da wuya kunne ya ji bambancin da ya kai wannan kuɗi, musamman tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Matakan da za a bi kafin a je wurin mai gyara

A fara da mai sauƙi. A duba maɓallin maimaitawa, a tabbatar daga babban jeri ake cakuɗawa. A buɗe jerin waƙoƙin da ke tafe a gani ko da gaske akwai maimaici.

A daina sake danna maɓallin cakuɗawa kullum. A ci gaba daga inda aka tsaya jiya. In manhajar ba ta tunawa, a raba waƙoƙin zuwa ƙananan jeri na 50 ko 100 waɗanda za a iya ƙurewa.

A share kwafin da suka maimaitu, a cire foldar sautukan WhatsApp da ta rikodin daga cikin waɗanda manhaja ke dubawa. Yawancin manhajoji suna da wannan saiti. In babu, ajiye fayil marar komai mai suna .nomedia a cikin folda yana sa Android ya tsallake ta.

A shiga saitin batir a ba manhajar waƙa damar aiki ba takura. A bar fili a ma'ajiyar waya.

A goge tarkacen wucin-gadi na manhajar, wanda aka rubuta wa Clear cache. Amma a yi hattara da maƙwabcinsa Clear data, domin shi yana iya tafiya da jerin da aka sha wahalar haɗawa da waƙoƙin da aka sauke a cikin manhajar.

In har yanzu da matsala, a kwafe waƙoƙi 20 daga memori zuwa cikin waya a gwada. In sun yi lafiya, katin ne. A gwada su kuma a wata manhaja kamar VLC. In can sun yi, manhajar farko ce. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi magani ba. Kuma kafin a taɓa filashin ko a goge kati, a adana kwafi a wani wuri.

Haƙƙin mai saurare a kan kamfanoni

Duk waɗannan gyare-gyare ba su amsa babbar tambaya ba: wa ke zaɓar abin da kunne ke ji? A lokacin kaset, mai rediyo ya san abin da ya saka. Yau da Boomplay, wadda ta fara a Najeriya a 2015, da Audiomack, da Spotify da ya shigo a 2021, zaɓin yana ƙara komawa hannun lissafin da mai saurare ba ya gani.

A 2023 Spotify ya fito da nasa Smart Shuffle, wanda ke cusa waƙoƙin da kamfanin ya ga sun dace a cikin jerin da mutum ya haɗa da hannunsa. Tun a 2020 kuma ya sanar da wani tsari mai suna Discovery Mode, inda mawaƙi ko kamfaninsa zai yarda a rage masa kuɗin da ake biya domin a ƙara tura waƙarsa a sassan da manhaja ke zaɓa wa mutum, kamar rediyo da ci gaba da kunnawa bayan jeri ya ƙare. A 2021 wasu 'yan majalisar wakilan Amurka sun rubuta wa kamfanin suna neman bayani a kai. Babu hujjar cewa wannan tsari yana taɓa cakuɗawa ta yau da kullum. Sai dai muddin kuɗi na iya tasiri a wani sashe na manhaja, ba za a zargi mai saurare ba in ya yi shakkar sauran.

Maganin shakka bayani ne. Kowace manhaja ta faɗi a fili wace irin cakuɗawa take yi, ta ba da zaɓi tsakanin dace tsantsa da wanda aka gyara, ta tuna inda aka tsaya, ta kuma bari a kashe cushen waƙoƙi da dannawa ɗaya. Wannan ba abu ne mai wuya ba. A watan Nuwamban 2021, da mawaƙiyar Birtaniya Adele ta nemi a bar kundinta mai suna 30 ya riƙa tafiya a jerin da ta tsara, Spotify ya sauya babban maɓallin kundaye ya daina cakuɗawa kai-tsaye. Abin da aka iya yi wa mawaƙiya ɗaya, ana iya yi wa miliyoyin masu biyan kuɗin data. Ya kamata kuma masu ƙera manhaja su riƙa gwada ta a kan ƙananan wayoyi masu katin memori, domin su ne a hannun mafi yawan jama'a a wannan yanki.

A gida ma akwai aiki. Mawaƙa da situdiyo da shafukan sauke waƙoƙi da masu tura su a kasuwa su riƙa rubuta sunan mawaƙi da na waƙa daidai a cikin fayil, da rubutu iri ɗaya. Shafin da ya goge sunan mawaƙi ya sa nasa ya ci haƙƙin mai waƙa, ya kuma rikita wayar mai saurare. Abin ya fi muni ga tsofaffin waƙoƙi da aka kwafo daga kaset. Waƙar Musa Ɗanƙwairo da ke yawo da sunan Track 07 tana hanyar ɓacewa, domin yaron da ya gaje ta a memorin mahaifinsa ba shi da yadda zai neme ta da suna, balle ya san wa ya yi ta.

Mai waya kuma ya ware sa'a ɗaya a ƙarshen mako ya gyara rumbunsa: ya raba folda, ya share kwafi, ya gyara sunaye, ya gwada katinsa. Bayan haka, in mawaƙi ɗaya ya sake zuwa sau biyu a jere, ya san dace ne. In kuma manhajar ce ta ƙi bayyana yadda take zaɓe, akwai wasu da yawa a kasuwa, ya sauya.